Kaburbura biyu a Maijirgi

Kowace ƙasa tana da wuraren da baƙi ke yi wa tafiya takanas don su gani da idonsu. A Masar akwai manyan kaburburan Fir'aunoni na Giza, waɗanda aka gina fiye da shekara 4000. A birnin Paris akwai hasumiyar ƙarfe ta Efel, wadda aka gama cikin 1889, tsawonta ya wuce mita 300. A Nijar akwai hasumiyar masallacin Agadas, ginin laka mai mita 27, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya tare da tsohon garin cikin 2013. Akwai kuma icen Tenere, wanda a da ayari ke kwatance da shi a tsakiyar rairayi. Mota ta ka da shi cikin 1973, aka kai gungumensa gidan tarihi na Yamai.

Amma mutumin Attantane ba sai ya je nesa ba. In ya sauko kudu, ya ƙetare kwarin Gulbin Kaba mai yawan goruba, ya iso Tasawa, to ya shigo ƙasar da sunanta ke cikin littattafan tarihi. Baturen nan Bajamushe, Henrik Bart, wanda aka sani da Abdulkarim, ya yada zango a Tasawa cikin watan Janairu na 1851. Daga Tasawa, in aka bi kwalta gabas, hanyar Damagaram, sai a iso Maijirgi. Masu mota suna wucewa kullum. Masu amalanke suna kai gero da wake kasuwa. Da yawa daga cikinsu ba su san cewa nan ne aka binne Annasara biyu da suka zubar da jinin dubban mutanen ƙasar nan ba. Sunansu kaftin Bule da kaftin Shanwan. A takardun Faransa ana rubuta su Voulet da Chanoine.

Ga yadda abin ya faru.

Cikin 1898 gwamnatin Faransa ta ba Bule umarni ya tashi daga bakin kogin Kwara ya kai tafkin Cadi. A wannan shekara aka kashe wani kaftin nasu, Kazamaju, a Damagaram, suna son ramuwa. Bule da ma ya saba da yaƙi, shi ne ya ci Wagadugu cikin 1896. Shanwan kuwa ɗan janar ne. A farkon 1899 rundunar ta bar Sansane Hausa. Annasaran ba su kai goma ba. Sauran duk baƙar fata ne: sojoji ɗaruruwa, masu dako ɗaruruwa, ga mata da aka kama, ga dabbobi da aka ƙwace. Taro irin wannan ba ƙauyen da zai iya ci da shi, ba rijiyar da za ta ishe shi. Saboda haka duk inda suka sauka sai su kwashe rumbuna, su shanye rijiyoyi. Garin da ya ƙi, ko ya yi jinkiri, sai wuta.

A Lugu, ƙasar Dogon Dutsi, Sarauniya Mangu da mayaƙanta suka tare su cikin watan Afrilu. Kibau da bindiga ba ɗaya ba, amma Azna sun yi musu ɓarna kafin su ja da baya cikin daji. Cikin watan Mayu rundunar ta faɗa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yau ba a manta ba.

Labari ya kai Faransa ta wasiƙar wani laftana, Peto, wanda Bule ya kora daga rundunar. Gwamnati ta aiko kanal Kulob ya karɓi ragamar. Kulob ya taso daga ƙasar Mali ta yanzu da ƴan sojoji kaɗan. Bai nemi ɗan jagora ba, toka da gawawwaki suka nuna masa hanya. A littafin da yake rubuta tafiyarsa ya ambaci garuruwan da aka ƙone, da rijiyoyin da aka cika da gawa. A Koran Kalgo ya iske ƴan mata ƙanana rataye a reshen ice.

Ranar 14 ga watan Yuli na 1899 ya cim ma Bule a Dankori, kusa da Maijirgi. Lokacin damina ne, lokacin da ya kamata kowa yana gona. Ranar kuma ita ce ranar babban bukin Faransa. Kulob ya hana sojojinsa harbi. Bule ya sa nasa suka buɗe wuta. Kulob ya faɗi nan take, laftanansa Meniye ya ji rauni. Bayan haka Bule ya tara mutanensa ya shaida musu shi ya bar Faransa, zai kafa mulkin kansa. Mulkin bai kwana uku ba. Sojojin nasa suka juya masa baya. Ranar 16 suka harbe Shanwan. Ranar 17 mai gadi ya harbe Bule yana neman komawa sansani. Aka binne su a Maijirgi.

Kada masu karatu su ɗauka mutuwarsu ta kawo ƙarshen abin. Laftana Jowalan da Meniye suka ci gaba da rundunar. A ƙarshen watan Yuli suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, daga baya aka kashe sarki Amadu Kuran Daga. Suka kai Cadi, inda aka kashe Rabi a Kusuri cikin watan Afrilu na 1900. Ƙasar da aka bi da wuta ta zama ta Faransa har 1960.

Kaburburan Maijirgi sun haifi labarai. Ana faɗin cewa cikin 1923 wani ma'aikacin mulkin mallaka a Tasawa, Dalabinyat, ya sa aka buɗe su, ba a iske kowa ciki ba. Daga nan jita-jita ta bazu cewa Bule bai mutu ba, ya gudu arewa ya zama sarki cikin hamada. Ba wanda ya taɓa kawo shaida.

Marubuta da masu silima su ma sun ɗauki labarin. Abdullahi Mamani, ɗan Nijar, ya fitar da littafinsa "Sarraounia" cikin 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim cikin 1986. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, Ai Keita ta fito a matsayin Sarauniya, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu cikin 1987. Cikin 2020 wani fim, "African Apocalypse", ya bi sawun rundunar gari gari har Maijirgi, yana sauraron jikokin waɗanda abin ya shafa.

To, ga abin dubawa. Waɗanda suka yi kisan suna da kabari, suna da suna, suna da ranar mutuwa a rubuce. Waɗanda aka kashe fa? Ba wanda ya ƙidaya su. Sunayensu suna bakin tsofaffi kawai, waɗanda suka ji daga kakanninsu. Duk tsohon da ya rasu, ya tafi da nasa kason. A tsibirin Gore na Sanagal, mutane sun tsare gidan bayi don kada ƴan baya su manta, yau duniya duka na zuwa gani. Abin da aka yi a can ana iya yin sa a nan, ba sai da kuɗi masu yawa ba.

Malaman lakwal na Attantane, Mayahi da Tasawa suna iya sa ɗalibai su zauna gaban kakanninsu da takarda da alƙalami. Su tambaya: ina mutanen gari suka gudu? Wace rijiya aka bari? Wane ƙauye ne ya tashi bai sake zama ba? Samari masu waya suna iya ɗaukar muryar tsofaffi, su kai wa gidan rediyon karkara. Masu gari da hakimai suna iya kewaye wuraren da aka sani da shinge, kada garma ko gini su shafe su.

Wanda hanya ta bi da shi Maijirgi, ya tsaya ko na ɗan lokaci, ya riƙo hannun ɗansa ya nuna masa. Gani ya kori ji. In ya zo yin addu'a kuma, ya tuna da mutanen Lugu, da na Ƙonni, da yaran Koran Kalgo. Allah ya jiƙansu.