A Thamel na koyi sayen wuƙar kukri

'Yar'uwa, idan Allah ya kai ki Katmandu, babban birnin Nepal, kada ƙyalƙyalin shagunan unguwar Thamel ya ruɗe ki. Taron ma'aikatan jinya ne ya kai ni, maigida kuwa tsaraba ɗaya ya roƙa: kukri, lanƙwasasshiyar wuƙar sojojin Gurka.

Ta farkon da na saya ta sha ado, amma da na gwada ta a jikin itace sai bakinta ya lotse. Kuɗina sun tafi.

Washegari na dace da wani dattijo mai shago. Shi ya fara tambayata: "Ta aiki ko ta ado?" Ya ce a Bhojpur aka ƙera tasa, da sifirin tsohuwar mota. Ya sa na girgiza mariƙin, ko motsi. A kuben akwai ƙanana biyu: karda ta ƙananan yanke-yanke, chakmak ta gyara kaifi.

Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin tambaya, don haka ki tambaya. Ki sa ta a akwatin awo, ba jakar hannu ba. A gida kuma ki ɓoye ta nesa da yara. Yankakkun yatsun da nake wankewa a asibiti sun ishe ni.