Sabuwar Manhaja ko Tsohon Makaɗi?

A ranar 26 ga watan Agusta 2024, kamfanin MakeMusic na Amurka ya ba da sanarwar daina sayar da Finale da daina yi mata gyara. Finale manhaja ce ta rubuta kiɗa a kwamfuta, wadda ta fito tun 1988, mawallafa da malaman kiɗa a ƙasashe da dama suka dogara da ita fiye da shekara talatin. Kamfanin ya shawarci masu aiki da ita da su koma Dorico, ta kamfanin Steinberg na Jamus, bisa rangwamen farashi na dala 149. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. A canjin wancan lokaci kuɗin sun kusa jika 90.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa Damargu da wannan zance? Abin da ya haɗa su shi ne, ƙungiyarmu ta raya al'adu a Tanut tana da kwamfuta guda ɗaya tak, tsohuwa, cikinta akwai wata manhaja ta rubuta kiɗa, kuma ni ne mai riƙon ta, don ni na ɗan taɓa solfej a makarantar horon malamai. Tun da labarin ya iso, abokan aiki suke tambaya ta ko ya kamata mu cire kuɗi daga asusu mu sayi sabuwa tun kafin tamu ta tsufa a hannunmu. Amsata ita ce a'a, kuma ina son in baje dalilaina a gaban malamai ƴan'uwana da sauran ƙungiyoyi, domin na san ba mu kaɗai tambayar ta dama ba.

Bari in fara da ba rubutun kiɗa haƙƙinsa. A watan Yuni 2023 ƙasarmu ta sauya takenta, aka ajiye wanda ake rerawa tun 1961, aka ɗauki sabo. Duk malamin da ya tsaya gaban yara a gindin tuta a wancan lokaci ya san abin da ya faru: kowa ya koya daga wayar salula ko rediyo, kowace lakol da irin nata karin. A nan layuka biyar da ɗigo-ɗigonsu suka nuna amfaninsu, domin taken ƙasa abu ne da aka tsara don a rera shi iri ɗaya daga Gaya har Bilma, kuma takarda ce ke raba gardama. Haka waƙoƙin da muke shirya wa ɗalibai na ƙarshen shekara. To amma wannan aiki duka, tsohuwar manhajarmu tana yin sa ba tare da tangarɗa ba. Wanda ba shi da ko ɗaya kuwa, ga MuseScore nan kyauta, ba ko dala. Sai dai a lura, fitowarta ta huɗu, ta watan Disamba 2022, ba ta hawa tsofaffin injuna. Haka sabuntawa take, sarƙa ce: sabuwar manhaja tana neman sabuwar kwamfuta, ita kuma tana neman intanet mai ƙarfi da wuta wadda ba ta yankewa. Wasu kamfanonin ma sun fi son haya, wata-wata ko shekara-shekara. Ran da ka kasa biya ƙofa ta rufe, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Babban dalilina yana wani wuri dabam. Kiɗan da ya sa muka kafa ƙungiya tun farko, wato gangar noma da ake kaɗa wa ƴan gayya a gonakin hatsi, da kalangun mahauta, da luguden mata a bakin turmi, da tende na Abzinawan Tarka a yankin Belbeji, da muryoyin samarin Bororo da ke hawa kan juna ba ganga ba goge, ba a kan layuka biyar aka haife shi ba. Waɗannan layuka a Turai aka tsara su, don kiɗan da ya raba tazarar murya gida goma sha biyu, kamar matakalar bene. Kalangu kuwa ba ya taka matakala. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, sauti ya sulale sama ko ƙasa, ya bi ta wuraren da takarda ba ta da suna a kansu, domin magana yake yi. Hausa harshe ne mai karin sauti: kukan yaro da kukar miya harufansu ɗaya, hawa da saukar murya ne suka raba su, kuma wannan hawa da sauka shi kalangu ke kwaikwayo idan yana kiran taken mutum.

Na taɓa zama da wani dattijo makaɗin mahauta na garinmu, na rubuta wani ɗan take da ya kaɗa mini iyakar yadda alamomi suka ba ni dama, sannan na sa kwamfuta ta kaɗa masa. Ya karkata kai ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Mushe, ƙafafun daidai suke, amma wannan ba ya kiran kowa." Na ce, "Baba, me ya rage?" Ya ce, "Bakin." Sababbin manhajoji sun fi tsofaffi iya nuna rabin-rabin sauti da sulalewarsa, ban musa ba. Amma ko da an cika takarda da alamomi har ta yi baƙi, mai karanta ta sai ya taɓa jin abin da kunnensa kafin ya gane ta.

Mu malamai bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Boko da muke koyarwa ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, amma yaro Bahaushe yana karantawa daidai, don harshen na raye a bakinsa. Rubutu tuni ne ga wanda ya riga ya sani. Ran da babu sauran mai kaɗa gangar noma a Damargu, takardarta za ta zama kamar wasiƙa cikin harshen da masu shi suka ƙare.

Marigayi Malam Maman Barka, ɗan Taskar a wannan jiha tamu, malamin makaranta ne kafin ya yi suna da gurumi, kuma ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai. Da ya ji biram, abin kiɗan Buduma na tafkin Cadi mai tsarkiya biyar da siffar kwale-kwale, yana gab da ɓacewa, bai nemi takarda ba. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi ya durƙusa gaban Bukar Tar, tsohon da ya rage da sanin abin, ya koya hannu da hannu. Barka ya rasu a 2018, amma faifan da ya fitar a 2009 yana nan, ana jin biram a ciki. Haka nan abin da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka a faifai na makaɗan Nijar a 1963: sauti ya kama, shi ya sa har yau jikokin waɗancan makaɗa za su iya jin hannun kakanninsu.

Ban ce kowa ya bi ni ba. Mai rubuta wa ƴan badujalar soja, ko malamin cibiyar Yamai da ke fitar da takarda dabam ga kowane mai busa, sana'arsa ce, lokacin da sabuwar manhaja za ta rage masa ya kai kuɗinta. Sai dai akwai aiki ɗaya da ya hau kan kowa, mai saye da marar saye, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace manhaja tana ajiye aiki cikin sigar da ita kaɗai ke buɗewa. Akwai kuwa siga ta gama-gari, MusicXML, wadda ta tsaya da ƙafarta tun 2004, kusan duk manhajojin kiɗa suna karanta ta. A juya kowane aiki zuwa gare ta tun injin yana tashi, a kuma buga a takarda. Namu na gama juya su cikin maraice uku, takardun suna cikin akwatin ƙarfe saboda gara.

Kuɗin asusu kuwa, shawarar da na kai gaban ƙungiya ita ce a sayi ƙaramar na'urar ɗaukar murya mai kyau da katunan ajiya, sauran a ware su don mota da goron makaɗa, domin ba a sa dattijo ya ɗaura ganga ya tashi hannu wofi. Kowane ɗauka a rubuta ranarsa da garinsa da sunan mai kiɗan da wanda ya koya masa, a kuma rubuta kirarin da boko. In damina ta yi kyau aka ɗaure hatsi, da masu gangar noma za mu fara, don su suka fi tsufa, daga nan mu nufi Belbeji.