Gaisuwar Mai Gari

Duk babban hutu, daga Yuli zuwa Satumba, ɗalibai kan zo gidan rediyonmu koyon aiki. Bana aka haɗa ni da wata yarinya mai kaifin kai, Faransancinta ma ya fi nawa. Na ce ta kira wani mai gari, ta ji labarin ambaliyar da ta cinye musu gero.

Yana ɗauka ta ce, "Gonaki nawa ruwa ya ci?" Shiru. Sai ƙit, ya kashe.

Ban yi mata faɗa ba, don haka nake lokacin da na fito da difloma. An koya mana tambayar wa, me, ina da yaushe, amma ba wanda ya ce mana wanda ya yi asara jaje ake fara yi masa.

Na sake kira a gabanta. "Ranka ya daɗe, ya muka ji da wannan abu? Allah ya mayar da alheri." Muna ta gaisawa, ita kuwa idonta na kan agogo, labaran rana sun matso. Can da kansa ya lissafo gonakin, har ya haɗa mu da wani manomi.

Washegari ita ta kira manomin. Ina jin ta tana tambayarsa iyali.