Idon da Ba Ya Ƙiftawa

Malami ba ya ganin kansa a gaban allo. Wannan ne ya sa wata ɗaliba mai gwajin koyarwa ta kafa kyamarar dijital bisa mariƙi mai ƙafa uku a ƙuryar aji, ta saita ta tana ɗaukar hoto da kanta duk bayan daƙiƙa 10. Hannu yakan gaji, ya yi rawa, kuma yakan zaɓi abin da mai shi ke so. Mariƙi kuwa ba ruwansa. Darasin minti 40 ya haifar da hotuna 240. A cikin 30 daga ciki, a jere, wato minti 5 cur, wata yarinya a layin baya tana ɗage da hannu, malama kuwa idonta na kan 'yan gaba.