Abin da Ba a Shirya Ba a Filin Waƙa

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da tarukan waƙa na yanzu, na ga gara in amayar da shi a nan. Idan ka zauna da wanda ya saba zuwa wajen makaɗa, ka ce ya ba ka labarin wasan da ya fi tsaya masa a rai, da wuya ya fara da zaƙin murya. Zai fara ne da wani abu da ya faɗo tsakiyar fili ba zato ba tsammani, da yadda mawaƙin ya yi da shi.

Na halarci wani biki a ƙasar Katsina inda aka kira mai waƙa da kalangu. Sanƙira ya matsa ya raɗa masa sunan wani abokin uban ango, mawaƙi ya kama sunan, ya haɗa da na mahaifinsa. Kawai sai ga mutum biyu sun miƙe a tare, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, kowa na gyara hannun babbar riga, kowa da sababbin kuɗi a hannu. Ashe sunansu ɗaya, sunan iyayensu maza ɗaya, kuma ba su taɓa ganin juna ba. Suka haɗu a tsakiyar fili suka yi cirko-cirko, jama'a kuwa me za a yi in ba dariya ba. Mawaƙin nan bai tsaya ba. Ya yi wa makaɗa alama suka sassauta, ya tambayi kowannensu garinsu da sana'arsa a cikin waƙa, suna ba shi amsa da baki yana mayar da ita baiti. Ɗaya ɗan kasuwar hatsi ne, ɗaya mai fataucin shanu. Nan take ya raba musu waƙar gida biyu, 'yan amshi suka karɓi sabon amshin kamar sun kwana suna bitarsa. Liƙi ya koma gasa tsakanin takwarorin, kuma kafin a tashi na hango su a benci ɗaya suna musayar lambar waya.

Wani karon kuma a ƙauye ne, a wasan Sallah. Mawaƙi ya kai ƙarshen baiti, ya bar gurbin da 'yan amshi za su shigo, sai wani jaki da aka ɗaure a bayan rumfa ya riga su. Aka yi dariya aka ci gaba. Da aka sake zagayowa gurbin, wallahi sai jakin ya maimaita. 'Yan amshi suka kasa buɗe baki don dariya. Mawaƙin ya juya wajen rumfa ya yi wa sabon ɗan amshinsa maraba, ya kuma yi alkawarin ba za a manta da kasonsa ba idan an zo rabo. Mai jakin da kansa ya shigo fili ya yi liƙi. Har yau idan mutanen garin suka tuna wannan Sallar, da jakin suke tuna ta.

Irin wannan ba sa'a kaɗai ba ce. Kiɗanmu na gargajiya an gina shi ne yadda zai iya haɗiye duk abin da ya faɗo. Amshi yana ba jagora sararin numfashi da tunani: yayin da yaransa ke maimaitawa, shi idonsa na kan fili, yana ganin wanda ya shigo da wanda ya miƙe, yana ɗinka baiti na gaba. Sanƙira na kawo masa sunaye da asali. Mai kalangu kuwa yana matse tsirkiyar gangarsa a hammata yana sassautawa, sautin ya hau ya sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka, shi ya sa mutum zai ji takensa a kiɗa tun kafin a ambaci sunansa, ya ji tsigar jikinsa ta tashi.

Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya kuma rasu a 1999, a wannan fagen ya gagara. Abin da aka san shi da shi ke nan: a fili yake yin waƙa, a gaban wanda ake yi wa. Shi ya sa za ka ji waƙarsa guda a kasakasai daban-daban, amshi ɗaya amma baitocin sun bambanta, domin mutanen da ke gabansa a Kano ba su ne ke gabansa a Funtuwa ba. Ku saurari tsofaffin kasakasan nan da kyau. Za ku ji guɗa, ku ji sanƙira na sanar da kyauta, ku ji hayaniyar jama'a. Ni a wurina waɗannan surutan suna cikin daɗin waƙar, domin su ne shaidar cewa an yi abin a gaban mutane masu rai.

Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ba shi ma da 'yan amshin da za su rufa masa. Daga shi sai kuntigi mai tsirkiya ɗaya, amma ya riƙe taro da labarin talaka da ɗan mota da zaman aure. Hajiya Barmani Choge kuwa, kafin rasuwarta a 2013, ƙwarya ce kayan aikinta, kuma duk macen da ta taɓa shiga wajen amada ta san rabin armashin yana cikin raha da zolayar da ke gudana tsakanin mai waƙa da matan da ke gabanta.

Ba mu kaɗai ba ne. A watan Afrilun 1980, daren bikin 'yancin kan Zimbabuwe, Bob Marley na kan dandamali a filin Rufaro lokacin da jama'ar da aka bari a waje suka kutsa ciki, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Wasa ya tsaya, hayaƙi ya lafa, Marley ya dawo ya ci gaba, washegari kuma ya sake yin wani wasan domin waɗanda ba su samu shiga ba. Wannan daren na cikin abubuwan da ake fara ambata idan ana tarihinsa.

To yanzu ina muka dosa? A mafi yawan dina da kamu da gala, mawaƙi zai zo da filashi ya miƙa wa DJ, a saki waƙar da aka ɗauka a sitidiyo, shi kuma ya riƙe makirufo yana motsa baki. Mun ma saba da abin har ba ma jin komai. Na ga inda janareto ya mutu ana tsakiyar irin wannan mamin, murya ta ɗauke tare da wuta, mawaƙi ya tsaya yana waige-waige. Ƙawayen amarya ne suka ceci taron. Suka fara tafi suna rera amshin da bakinsu, shi ma ya daure ya saki muryarsa ta gaskiya, kuma ga shi muryar mai daɗi ce ƙwarai. 'Yan mintocin nan kafin a tada inji su ne mafi armashi a daren gaba ɗaya. Abin ya ba ni tausayi, domin yaron yana da baiwar da na'ura ke ɓoyewa.

Na san akwai uzuri. Ɗaukar makaɗa biyar ko shida a mota, da ciyar da su da sallamar su, ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma masu biki da yawa so suke su ji waƙar daidai yadda take a wayarsu. Amma waƙar da ke cikin filashi ba ta ganin wanda ya shigo. Ba za ta raba baiti tsakanin takwarori biyu ba, ba za ta yi wa jaki maraba ba. Ana haka kuma masu kalangu da kotso da gurmi na tsufa, 'ya'yansu na komawa acaba da gareji saboda ba a kiran iyayen.

Roƙona ga mawaƙanmu matasa, ko waƙa ɗaya ce a cikin wasa, ku ce wa DJ ya dakata, ku rera ta da bakinku tare da makaɗi, ku kalli mutanen da ke gabanku ku sa su a ciki. Ku kuma masu shirin biki, idan kuna lissafin kuɗin wurin taro da ado da abinci, ku ware wani abu ku kira makaɗan garinku. Suna nan da ransu, kiran kawai suke jira.