Saƙa a Jirgin Dubai

Baƙunta akwai nauyi, musamman ga wadda ta baro Kano ta kama sabon aiki a Dubai. Ina zaune a unguwar Deira, wurin aikina kuwa yana can Jebel Ali. Kowace safiya nakan shafe kusan awa guda a jirgin ƙasan birnin, wanda aka buɗe a shekarar 2009, yake kuma tafiya ba direba. Da farko tafiyar ta gundure ni, ga kewar gida.

Sai na tuna da saƙar da kakata ta koya mini. Na sayi kwarashi da zaren ulu, na riƙa saƙa a taragon mata da yara duk ranar da na sami wurin zama. Wata 'yar Filifin ta taɓa tambayata, "Wa zai sa ulu a wannan zafi?" Na ce mata hula ce da safa nake yi wa jaririn ƙanwata, domin hunturun Kano ba ya raga wa yara.

Tafiyar ba ta ragu ba, amma yanzu da layin saƙa nake auna ta. Kafin watan Disamba, hular za ta riga ni isa gida.