Yadda Na Duba Manhajar Ɗan Yayata Ta Allon Chess

'Yan'uwa, yaranmu da yawa yanzu suna koyon rubuta manhaja su kaɗai, wasu a waya, wasu a tsohuwar laftof. Da zarar abin da suka rubuta ya yi aiki sai su ɗauka an gama. Ba laifinsu ba ne, ba su da mai duba musu. Alhali a wurin aiki, kafin a yaba wa mutum sai wani ya karanta rubutunsa ya fahimta, ya kuma iya gyara shi ba tare da ya ɓata komai ba.

Kwanakin baya ɗan yayata, wanda ya gama sakandare bana, ya turo min manhajarsa ta farko. Da Python ya rubuta ta, ya yi amfani da Tkinter ya zana allon chess, wato darar Turawa. Ya ce, "Kawu, duba min, kada ka ɓoye min komai." Allon ya fito tsaf, gidaje 64, rabi fari rabi baƙi. Sai dai kowane gida da nasa layin umarni, kuma duk lambobin da hannu ya lissafa su.

Na fara da yaba masa, domin ya cancanta. Daga nan na ce ya ƙara girman kowane gida daga 60 zuwa 80. Bayan rabin awa ya kira ni yana dariya, ya ce sai ya sake lissafin duka layukan 64. Gani ya kori ji. A nan ya gane amfanin ajiye lambar a wuri ɗaya da suna, misali girman_gida, ta yadda canji ɗaya ya wadatar.

Sai na nuna masa cewa umarnin maimaitawa guda biyu, ɗaya cikin ɗaya, kowanne sau takwas, sun isa su zana allon gaba ɗaya. Launi ma lissafi ne: a haɗa lambar jeren kwance da ta jeren tsaye, idan jimlar ta rabu biyu daidai gidan fari ne, in ba haka ba baƙi. Tkinter daga kusurwar sama ta hagu yake fara ƙirga, don haka idan aka fara daga sifili, gidan ƙarshe na hannun daman ɗan wasa zai fito fari, kamar yadda dokar wasan ta tanada.

Abu na ƙarshe da na taɓo shi ne ya raba bayanin inda 'ya'yan wasa 32 suke da aikin zana su. Bayanin ya zauna a jadawali guda, sashen zane ya karanta daga can kawai. In an cakuɗa su, ranar da zai koya wa doki tafiya sai ya rushe komai ya sake gini. Na kuma sanar da shi ba sai ya nemo hotuna ba, domin Unicode na da alamomi 12 na 'ya'yan chess, shida farare shida baƙaƙe.

Akwai sauran gyara, na yi shiru a kansu. Python na da ƙa'idar salon rubutu mai suna PEP 8 tun 2001, wadda ta ce a riƙa tura layi ciki da tazara huɗu, kuma kada layi ya wuce harafi 79. Sunanta kawai na ba shi ya karanta da kansa. Ban kuma sake rubuta masa manhajar ba, domin da na yi haka ta zama tawa, shi kuma ya tashi a tutar babu. Mai koyo idan ka jera masa kurakurai ashirin a rana ɗaya, abin da zai ji kawai shi ne bai iya ba, kuma wasu daga nan suke ajiye karatun.

Don haka ina roƙon waɗanda Allah ya ba ilimin nan a cikinmu, idan yaro ya kawo muku aikinsa, ku ba shi ko da minti ashirin ne. Ku zaɓi gyara biyu ko uku mafi muhimmanci, ku bayyana dalilin kowanne, ku bar shi ya gyara da hannunsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, kada ya karye.